Igiyar Bulus

Tun da na dawo Tsafe, duk wanda ya zo yi mini barka da hanya sai ya haɗa da jaje iri ɗaya: "Ai dole ta fitar da ku, Lawali." Na san da kyakkyawar zuciya suke faɗa, amma maganar tana ƙona mini rai. Gaskiya ne 'yan bindiga sun hana mu taka gonarmu ta Kucheri, gaskiya ne kuma damina ta wuce ba mu kawo ko dami ɗaya gida ba. To amma gonar ai har da yayana a cikinta, kuma bai je ko'ina ba, yana nan bakin titi yana facin taya. Ni na ɗauki ƙafata na nufi ramukan gwal na hamada, na bar matata Hadiza da goyo. Babu wanda ya ɗaure ni ya jefa a mota. Wannan taurin kai ba da shi na bar gida ba. A hanya na koye shi wurin wani mutum mai suna Bulus, kuma labarinsa nake son bayarwa.

A Agadas na fara ganinsa. Wani ɗan kamasho ne ya kwaso mu daga Maraɗi da daɗin baki, wai aikin injin niƙa dutse za mu yi a sarari, babu mai shiga ƙarƙashin ƙasa. Ya zuba mu a wani kangon gida ya ce mu jira mota. Muka jira har muka daina tambaya. Ranar garin nan kuwa ba ta da mutunci ko kaɗan. Ina zaune a gindin bango ina tunanin ko in juya, sai na ji wani yana masifa da Hausar gida tsantsa.

"Wanga ruwa na ko kananzir? Aradu ko jaki ba shi shan shi!"

Na ɗaga kai na ga wani dogo baƙi riƙe da jarka, da ɗan gicciye rataye a wuyansa da zare. Na ce, "Kai ɗan ina na?"

"Gusau. Kai hwa?"

"Tsahe."

"Ashe baƙauye na," in ji shi. "Matso, baƙauye, ka sha kananzir."

Jarkokin da ɗan kamashon ya sayar mana na mai ne, ko ɗauraya ba a yi musu ba. Haka muka sha, muna gyatsa mai warin gareji, kuma daga ranar muka ƙulla abota.

Iyayen Bulus daga kudancin Kaduna suka zo Gusau tun kafin a haife shi. Ubansa ya rasu, uwarsa Mama Rifkatu tana sayar da manja da garin kwaki a kasuwa. Shi kuma an kai shi makarantar da ake horar da limaman coci, ya yi nisa, sai ya tattara ya dawo gida. A can ya karanta abin da ya kira falsafa. Na tambaye shi mece ce ita, ya ce ilimin tambayar abin da kowa ke ganin ya riga ya sani. Na ce masa a Tsafe rashin kunya muke kiran wannan. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Da na matsa masa kan dalilin barin makarantar, cewa ya yi, "Na tashi wata sahiya na gane ban taɓa cewa i ba. Na dai yi ta rashin cewa a'a, har na kusa tsuhwa a kai."

Na ukunmu shi ne Malam Sani, mutumin Bungudu, manomin rake a bakin gulbi kafin zaman lafiya ya ƙare. Ya girme mu sosai, furfura ta fara cin gemunsa, kuma shi ke ja mana salla. Shi da Bulus ba su da aiki sai gardama. Da zarar wani ya yi ƙorafi, Malam Sani zai ce a yi haƙuri, komai an rubuta shi. Bulus kuwa kamar jira yake.

"Na yarda an rubuta, Malam. Amma ka karanta?"

"Wa ka karanta abin da Allah ya ɓoye, Bulus?"

"To tunda ba ka karanta ba, kullum in ka tashi sai ka zaɓa, kamar ni. Ba ka zaɓi gidan da anka haihe ka ba, ba ka zaɓi ranar mutuwakka ba. Abin da ke tsakani duk naka na, kuma ba ka da wanda za ka ɗora ma."

Malam Sani ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye shi, sannan ya miƙa masa rabin dabinonsa. Ni a lokacin surutu na ɗauki maganar, irin ta wanda karatu ya yi wa yawa.

Da mota ta samu, a bayan a-kori-kura aka loda mu kamar buhunan albasa. Kowa da sanda kafe tsakanin cinyoyinsa, ita za ka rungume, ƙafafunka na lilo a waje. Ba itace, ba tsuntsu, sai rairayi da baƙaƙen duwatsu. Duk dutsen da muka wuce, Malam Sani sai ya taɓe baki ya ce bai kama ƙafar dutsenmu na Kwatarkwashi ba. A Arlit muka yada zango. Wata Inna 'yar Tawa mai sayar da abinci ta ji maganarmu, ta ce, "Ku Zamfarawa ne ko?" Ta shiga ciki ta fito da tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, ta ce ba na sayarwa ba ne, na gidanta ne. Ƙamshin kawai na ji hawaye ya zubo mini. Na tuna Hadiza tana kaɗa miya da goyo a bayanta, na ji kamar in tashi in kama hanya da ƙafa. Bulus ya gan ni, ya ce wa Inna barkononta ya yi yawa, baƙauye bai saba ba.

Daga Arlit muka ƙara nausawa arewa har kusa da iyakar Aljeriya, inda ramukan suke. Can muka gane babu wani injin niƙa da ke jiran mu. Ɗan kamashon ya riga ya miƙa mu ga wani Alhaji Nomau, mai ramuka, kuma abin takaicin shi ma ɗan Zamfara ne. Ya tarbe mu da fara'a da "'yan uwana, 'yan gida". Ba ya duka, ba ya zagi. Tankin ruwa kawai ya riƙe. A wurin da babu rijiya babu gari, wanda ke da tanki ba ya bukatar bulala.

Aikin kuwa ga yadda yake. Ana haƙa rami ya miƙe ƙasa kamar rijiya, sannan daga gindinsa a bi jijiyar gwal ta gefe. Wannan na gefen shi ake kira loto, kuma da rarrafe ake shigarsa, da tocila ɗaure a goshi. Ana tafe ana barin ginshiƙai na dutse don su riƙe rufin. Mai shiga yana sauka da babbar igiya, sannan akwai wata siririya ɗaure a ƙugunsa wadda ke bin sa har cikin loto. Da ita yake magana da na sama: ya ja a ɗauke buhu, ya ja a fitar da shi.

Akwai al'ada guda da ko Alhaji bai isa ya taɓa ba. Mai shiga shi ke zaɓar wanda zai riƙe masa igiya. Zai dube ka ya ce, "Riƙe min." Kana da ikon ka ce a'a, ba mai ganin laifinka. Amma in ka ce "Na riƙe," to ba ka barin bakin ramin nan, ba ci, ba kewayawa, salla ma sai dai ka rama, har sai mutumin ya fito. Bulus yana son al'adar nan ƙwarai. Ya ce duk littattafan da ya karanta ba su faɗi abin da kalmomin nan biyu suka faɗa ba.

Mu Zamfarawa muna da girman kai a kan rami. Gani muke tun muna yara muke haƙa, wa zai koya mana? A gida jar ƙasa ce mai danƙo. In ka rage ginshiƙi, kafin rufi ya faɗo sai ya yi maka magana: ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan, ka ji ƙara, ka ja jiki ka fita. Da wannan sanin muka je hamada. Mutanen Sudan da na Cadi da ke ramukan kusa da mu ba sa taɓa ginshiƙi ko da gwal na ƙyalli a jikinsa, mu kuwa muna yi musu dariya muna cewa matsorata ne. Ba mu san dutsen can kurma ne kuma bebe ba, ba ya gargaɗi.

Wata rana jijiyar lotonmu ta ƙare, ba ta rage ko'ina ba sai a cikin babban ginshiƙin tsakiya. Ana haska shi ana ganin ta. Alhaji ya ce a rage shi ta gefe ɗaya, kuma wanda ya yi aikin kasonsa daban ne. Ni na shiga na duba, na ji jikina bai ba ni ba, na fito na ce ba ni yi. Da hantsi sai ga Bulus yana ɗaura tocila.

Na ja shi gefe. "Ba ka da hankali? Don Alhaji ya ce?"

"Alhaji ya ce maka kai ma, ka ƙiya, ga ka tsaye. Ni ma ina iya ƙi." Ya gyara zaren wuyansa. "Na duba na, Lawali. Uwata ta tsuhwa cikin rana tana auna manja. Ina son in koma da abin da zan ɗauke ta daga wurin. Na san shina iya hwaɗowa. Na auna, na zaɓa." Sai ya miƙo mini siririyar igiyar. "Riƙe min."

Na so in ƙi, ko zai fasa. Amma na san shi, wani zai ba. Na ce, "Na riƙe."

Bai daɗe da sauka ba. Ina jin bugun gudumarsa yana hawowa ta cikin igiyar, a hankali, a hankali. Sai na ji wani gum a ƙarƙashin ƙafafuna, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an yar da buhun gero a ɗaki na kusa. Ƙura ta turnuƙo daga bakin ramin. Bugun ya tsaya.

Kafin ka ce me, mutane sun cika wurin, ana ta salati. Alhaji Nomau ya iso da carbi a hannu, ya leƙa, ya ja da baya. "Ku yi hanƙuri, jama'a. Kwana ya ƙare. Ba mai shiga ramin ga sai ya huce." Masu haƙa suna da wani camfi, wai ramin da ya ci mutum gwal ɗinsa ya nuna, in aka bar shi ya huce sai a zagayo ta wani gefe a kwasa. Ba mai faɗar haka da ƙarfi, amma na ga abin a idon mutane da yawa. Alhaji ya ce a kawo kwanon rufi a rufe bakin ramin. Wani daga baya ya ce, "Ai ba ma namu ba na." Ban san wanda ya faɗa ba, kuma gara da ban sani ba.

Ina durƙushe, igiyar tana naɗe a hannuna, sai na ji ta motsa. Kaɗan ne, kamar yadda ƙaramin kifi ke taɓa fatsa. Na jira. Ta sake motsawa.

Babu wanda ya gani. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya gane. Da na buɗe hannuna na saki, babu mahaluƙin da zai taɓa sani. Alhaji ya ce kwana ya ƙare, jama'a sun amsa, har an fara watsewa. Ga Hadiza da jaririya suna jira na a Tsafe. Ga rufin da ya faɗo sau ɗaya, ba abin da zai hana shi ƙarasawa a kaina. Duk uzurin da mutum ke bukata an shimfiɗa mini shi, kuma kowannensu gaskiya ne. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na kuma ji kaɗaici, ga mutane fal a kaina. Na nemi wanda zai ce mini yi ko bari, na rasa. Na yi imani da ƙaddara a ranar, na yi imani da ita yau. Amma ƙaddara ba ta zo ta buɗe mini yatsu ba, ba ta kuma damƙe su ba. Ni aka bar wa.

Na miƙe na ce, "Shina da rai."

Alhaji ya ce ƙasa ce ke zama, ita ke jan igiyar. Na ce ƙasa ba ta ja ta saki ta sake ja. Fara'ar nan tasa ta ɗauke. Ya ce duk wanda ya sauka ramin nan ya fita daga hannunsa, ba kaso, ba ruwa, ya san inda zai nufa.

"Riƙe ruwanka, Alhaji," na ce. "Ni na ce ma mutum na riƙe."

Na ɗaura babbar igiya a ƙuguna. Sannan na tuna ni ma sai an riƙe mini. Na dubi mutanen da muka ci tuwo kwano ɗaya da su, na ce, "Wa ka riƙe min?" Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ban zarge su ba, ƙishirwar hamada ba abin wasa ba ce. Sai Malam Sani ya ratso, ya tuɓe hularsa ya cusa a aljihu.

"Kawo nan. In an rubuta za ka shiga, to an rubuta ni ka riƙewa." Ya naɗe igiyar a damtsensa. "Na riƙe."

Ƙasa duhu ne da ƙura, tocila ba ta wuce tsawon hannu. Bakin loton ya toshe da tarin duwatsu, siririyar igiyar ta shige ta ƙarƙashinsu. Ita na bi. Na ji tsoron buga diga kada sauran ya zubo, don haka da hannu na yi ta cirewa ina zubawa a buhu. Na ɗauka Malam Sani kaɗai ke ja, sai na ga buhunan suna tashi da sauri fiye da ƙarfin tsoho. Ashe mutanen Sudan ɗin nan da muke kira matsorata ne suka bar ramukansu suka zo suka kama. Ɗayansu ma ya sauko da guntayen katako ya tokare rufin a bayana. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, har yau ban san sunansa ba.

Da na buɗa wata 'yar kafa na haska, sai na ga fuskar Bulus, fara fat da ƙura, idanunsa a buɗe. Wani faffaɗan dutse ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

"Baƙauye," ya ce da ƙyar. "Ka daɗe."

"Rufe min baki."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

Ya lumshe ido, ya yi ɗan murmushi. "Madalla. Ka yi karatu."

Dutsen ya fi ƙarfinmu. Akwai wani Buzu mai suna Agali da ke kawo wa sansanin ruwa a motarsa. Shi ya ciro jak ɗin motar ya zuro mana a buhu. Muka kafa, muna ɗagawa kaɗan muna cusa katako, rufi na zubo mana da tsakuwa a ƙeya. Da dutsen ya ɗaga, na kama Bulus ta hammata na ja. Ihun da ya yi har yanzu yana kunnena. La'asar ta yi kafin mu fito da shi sarari, kuma Malam Sani yana nan inda na bar shi, igiya ta yanka masa damtse har jini.

Alhaji bai fito daga rumfarsa ba. Agali ya ce mu sa shi a mota ya kai mu asibiti a Arlit, bai kuma tambayi ko sisi ba. Ni da Malam Sani muka hau baya, muka bar komai namu a can.

Da farko kamar zai tashi. Ya sha ruwa, ya ce wannan ba kananzir, ya tsokani Malam Sani cewa yau ya rasa salla a kan lokaci saboda Kirista. Malam ya ce zai rama, shi dai ya yi shiru ya huta. Amma ƙafafunsa suka yi ta kumbura, maganarsa ta yi ta raguwa. Washegari da safe, muna tsakiyar hanya, ya ce a ɗaga masa kai. Na ɗora shi a cinyata.

"Kana jin tsoro?" na tambaye shi.

"Ƙwarai kuwa. Wa ya ce maka karatu na hana tsoro?" Ya dubi sama. "Amma nan ya hi can. Ana ganin sarari." Sai ya kama rigata. "In ka je Gusau za su so su ce Alhaji ya tura ni, ko talauci. Kada ka bari. Ni na shiga. Wanga zaɓi kaɗai ya rage min, kada ka ba wani."

Rana ba ta kai tsaka ba ya cika.

Ba mu san yadda ake sallar gawa a addininsu ba. Muka tsaya a gefen wani dutse, muka haƙa da shebur ɗin Agali. Malam Sani ya jiƙa rawaninsa ya share masa ƙurar fuska da ta gashi, a hankali kamar mai yi wa jariri. Muka bar masa gicciyensa a wuya. Da muka rufe, muka yi tsaye, sai Malam ya ce, "Allah, ka san bawanka, ka hi mu saninai." Agali ya jera duwatsu a kai saboda namun daji. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

A Arlit wani ma'aikacin asibiti da ya ɗaure wa Malam Sani damtse ya ji labarin, ya ce wanda dutse ya daɗe a kansa, sau da yawa ɗagawar ce ke sakin guba ta bi jini. Wato mai yiwuwa jak ɗin da na kafa da hannuna shi ya gaggauta tafiyarsa. Na ji, kuma na ɗauki nauyin, ba na neman wanda zai raba ni da shi. Masu cewa wahalar banza na yi, na dawo hannu rabbana kuma mutumin bai rayu ba, ina jin su a majalisa. Su ba su ji igiyar nan ta motsa ba. Kowa zai mutu, ban taɓa cewa na fi ƙarfin wannan ba. Amma an so a rufe shi da kwano yana numfashi, a jira ya huce a kwashi gwal ta gefensa, na ce ban yarda ba. In aka mayar da ni bakin ramin nan yau, sauka zan sake yi.

Dawowa ta ɗauke mu lokaci, muna aikin lebura a Agadas da Maraɗi don mu sami na mota. Ta Funtuwa muka biyo. Motar ta ratsa Tsafe da rana tsaka, na hango rumfar yayana, na hango shi sunkuye a kan taya, ban ce direba ya tsaya ba. Na san in na ga Hadiza da yarinyar, ƙafata ba za ta sake ɗaguwa ba. A tashar Gusau Malam Sani zai canza motar Bungudu. Ya riƙe ni ya ce, "Lawali, uwa tana son wanda za ta tsine ma, shi ka sanyaya mata rai. Ka ba ta Alhaji. Ai ba ƙarya ka yi ba." Na ce na ji. Ya dube ni ya gane ban ji ba, ya ce Allah ya ba ni sa'a.

Ba a sha wuyar nuna mini rumfarta ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zuba manja a kwalba da mazurari. Na yi sallama na durƙusa, na ce daga wurin Bulus nake. Ta dube ni, ta dubi bayana ta ga ba kowa. Ta ajiye mazurarin. Wata Hajiya mai rumfar kusa ta taso da sauri ta riƙe ta, matan layin suka fara taruwa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce in faɗa mata duka, kada in rage. Na faɗa, tun daga Agadas. Da na kai kan ginshiƙin, Hajiyar ta ce, "Allah ya isa! Wannan Alhajin shi ya kashe shi, Mama, shi ya tura shi." Matan suka amsa. Mama Rifkatu ta ɗaga musu hannu, idonta a kaina.

"Tura shi aka yi?"

Kalma ɗaya ce za ta ba ta abin riƙewa, kuma kowa a wurin ita yake jira.

"A'a, Mama. Alhaji ya nema, ni na ƙi, shi ma yana iya ƙi. Ya san zai iya faɗowa. Ya ce in gaya miki shi ya shiga da kansa."

Hajiya ta harare ni kamar na mari tsohuwar. Mama Rifkatu ta dube ni, hawaye na bin kuncinta. Can ta gyaɗa kai.

"To ɗana ne. Da ka ce tura shi aka yi, da na san ba ka san shi ba." Ta share fuska da gefen zane. "A cikin ramin ya mutu?"

"A sarari, Mama. Kansa a cinyata."

"Wa ya fito da shi?"

"Ni da waɗansu bayin Allah."

"Wa ya binne shi?"

"Mu ne. Amma ko an kai ni yau, ba zan gane wurin ba."

"Da hannunka?"

Na ce da hannuna. Ta miƙo nata masu maiƙon manja ta kama su duka biyu, ta juya su, ta dubi faratan da suka fita ba su gama tsirowa ba. Sannan ta ɗora su a fuskarta. Kasuwa na ta hayaniyarta a bayanmu, wata mata ta zo sayen gari Hajiya ta sallame ta. Gwiwoyina suka gaji da durƙuso, na ɗan motsa zan gyara.

"Tsaya, ɗana," ta ce. "Bar mini su tukuna."